Wanka na Biyu

Ranar Litinin da safe mai kula da sito ya shigo ɗakin gwaji da kwali a hannu, ya dire min a kan tebur har ya kusa kifar min da shayi.

"Injiniya, zo ki ga abin mamaki. Ina zaune ina jera kaya sai na ji ƙas, kamar an karya tsinke. Wallahi ba wanda ya taɓa su."

Na ce ya fara ɗauke kwalin daga kan takarduna tukuna. Ni dama da safe ba a iya min, kowa a masana'antar ya sani.

Maƙalai ne a ciki. Maƙali wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne kamar tafin hannu, shi ke riƙe kujerar bas da ƙasan motar, kuma shi ne rabin abin da muke ƙerawa. Wata huɗu ke nan da aka canza mana ƙarfe, aka kawo wani sabo, siriri, mara nauyi, amma ya ninka tsohon sau uku a ƙarfi. Ma'aikata suna ce masa ɗan gata, saboda komai nasa sai an lallaɓa. A cikin hamsin ɗin da ke kwalin, bakwai sun tsage daidai wurin lanƙwasar, ba a ɗora musu ko tsinke ba.

Kafin azahar Manaja ya hauro da kansa, yana haki saboda matakala. Ya ce dubu tara sun riga sun fita, wasu ma suna jikin motoci, mutane na zaune a kansu. Ya ba ni zuwa Alhamis in kawo masa dalili a rubuce.

"Kuma duk hannun da ya jawo wannan, ko na wane ne, zai bar wurinsa," in ji shi. Bai kalle ni ba da ya faɗa, tagar ya kalla. A ƙarƙashin wannan tagar tankunan wanka suke, kuma mai tankunan mahaifina ne.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana wurin. Ƙarfe ya zo masa da tsatsa da dauɗa, ya tsoma shi a tankin asid ya wanke, ya ɗauraye, ya sa shi a ruwan tutiya ya fito fari tas yana ƙyalli, daga nan a tura tanderu. Sarkin Wanka suke kiransa, kuma in ka ga yadda yake ɗaga kwando daga tanki yana karkata kai yana duba aikinsa, ka san sunan ya yi masa daɗi. Da wannan aikin ya yi min karatu. Da na gama aka ɗauke ni a nan, shekara shida da suka wuce, sai muka yi wata ƙa'ida da ba mu taɓa faɗa da baki ba: bas ɗaya muke shiga da safe, amma daga ƙofar masana'anta kowa ya kama gabansa. A gida Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. A wurin aiki kuwa Injiniya, har da ɗan sunkuyar da kai, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ni ma ban cika sauka ƙasa ba, kada a ce 'yar Sarkin Wanka tana gyara wa ubanta hanya.

Tun da na ga bakin tsagar a madubin ƙara girma na san mai laifin, iskar haidurojin ce. Ƙwayarta ta fi ta komai ƙanƙanta. In aka tsoma ƙarfe a asid, tana tasowa a fatarsa, wata ta yi kumfa ta tashi, wata ta shige ciki. Kai kana ganin ƙarfe a dunƙule, ita a wurinta ƙofofi ne a buɗe. In ta shiga, akwai wadda ke faɗawa wasu 'yan ramuka da masu haɗa ƙarfen suka tanada da gangan, ta maƙale a nan, ba ta sake motsi. Wannan ba ruwanmu da ita. Mai yawon ce annoba. Tana bi a hankali, kwana uku, mako biyu, har ta taru inda ƙarfen ya fi takura, wato wurin lanƙwasa, ta raunana shi daga ciki, sai ka ji ƙas. Tsohon ƙarfenmu mai laushi ne, ko a jikinsa. Ɗan gata kuwa tauri ya yi masa yawa, ba ya iya miƙewa ya ba da wuri. Shi ya sa bayan tutiya dole a sa shi a tanderu awa huɗu, zafi ya kori mai yawon kafin ta taru.

To, amma takardun tanderu lafiya lau suke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane kwando ya yi awanninsa. Har na ji sanyi a raina, na ce tun daga masu sayar mana da ƙarfen matsalar ta zo, su je can su ƙarata.

Ranar Talata ni da abokin aikina, wanda muke kira Tabarau, muka yanka maƙalai ƙanana kamar farce muka dinga sa wa na'ura. Na'urar tana gasa ƙarfe a hankali cikin bututun gilas, tana zana layi a allo: duk lokacin da iskar ta fito, layin ya yi tudu. Tudun farko, na zafi kaɗan, na mai yawo ne. Na biyu, can gaba, na wadda ta maƙale a rami. Ƙarfen da bai riga ya shiga wanka ba, layinsa a kwance. Lafiyayyun maƙalai, ɗan tudu kamar kurji. Waɗanda suka fito daga kusa da tsaga kuwa, tudun farko har ya kusa fita daga allon.

Tabarau ya jera tsagaggun a gefe ɗaya, lafiyayyun a ɗaya gefen, ya ture gilashinsa sama ya daɗe yana kallo.

"Kin lura? Masu kyan ne suke fashewa."

"Gasar kyau muke yi a nan?"

"Duba dai. Waɗannan ko ɗigo babu a jikinsu."

Na duba. Gaskiyarsa. Tsagaggun sun fi sauran santsi da haske, kamar an yi musu aikin sau biyu. Na ce masa ya je ya sha iska, ya cika ni da surutu. Bawan Allah bai yi min komai ba, tsoro ne ya kama ni na huce a kansa.

Da la'asar na sauka. Warin asid ya tare ni tun daga matakala, fankoki suna ta ruri. Baba yana tsaye da dogon takalmin roba da safar hannu har gwiwar hannu. Kwanduna sun dawo daga tanderu sun huce, yana ɗaukar maƙalai ɗaya-ɗaya yana juyawa a haske. Yawanci ya jefa a kwali. Amma jefi-jefi sai ya tsuke baki, ya ajiye ɗaya a wani ƙaramin kwando da ke gefen ƙafarsa.

"A'a, Injiniya ce da kanta? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Sannu da aiki, Baba. Waɗannan na ƙaramin kwandon fa?"

Fuskarsa ta washe. Ya ɗauko ɗaya ya nuna min wani ɗan tabo da sai ka ƙura ido za ka gani.

"Ɗan gata ba ya karɓar tutiya da daɗi, sai ka ga ya fito da ɗigo-ɗigo. Masu duba kaya za su wuce shi, ni ba zan wuce ba. Sai in mayar da shi asid in sauke tsohuwar rigar gaba ɗaya, in bar shi ya jiƙu sosai, in sake sa masa sabuwa. Wanka na biyu ke nan. Ki ga yadda yake fitowa."

"Sannan ya koma tanderu?"

"Haba, ai ya riga ya yi awanninsa huɗu kamar yadda takarda ta ce. Ga ta can a bango. Bushewa ce kawai, iskar fanka ma ta isa ta busar da 'yan guda goma. Ba zan sa a kunna tanderu a ƙona wuta saboda su ba."

Na kalli takardar da ke bango, cikin leda, gefenta ya fara cin tururin asid. Wanka, minti uku. Tutiya. Tanderu, awa huɗu. Ni na buga ta da hannuna ranar da ɗan gata ya zo, na ba masinja ya kawo ƙasa.

"Ba wanda ya sa ni," in ji Baba, yana ɗan dariya. "Ba kuma wanda ya sani. Kada ki faɗa, za su ce tsoho ya cika iyayi."

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to, na hau sama na kulle kaina a banɗaki.

A gida Umma ta lura ban ci abinci ba, ta ce ko ni da Tabarau ne muka sake faɗa. Baba yana gefe yana shafa wa yatsunsa man da likita ya ba shi, don asid ya daɗe da cinye masa zanen yatsu, har wayarsa ba ta gane shi. Ya ce a ƙyale ni, manyan ma'aikata ba sa cin abinci sai an rubuto musu. Suka yi dariya. Na tashi na shige ɗaki.

Laraba tun da safe na zauna rubuta rahoto. Na rubuta cewa iskar ta shiga ne a wani mataki na aiki, kuma ana ba da shawarar a sake duba tsarin gaba ɗaya. Shafi uku na cika da irin wannan kame-kame. Tabarau ya karanta a tsaye, ya ajiye a hankali. Da gani ya riga ya gane abin da nake ɓoyewa.

"Da wannan, Manaja zai ce a dawo da dubu taran duka, masu motoci su ƙi, a yi wata shida ana jayayya. Kujerun kuma suna kan titi."

"Na tambaye ka?"

"In an san waɗanda aka yi wa aikin sau biyu, da ranakun da aka yi, kwana uku ya isa a ciro su."

"Ubanka ne a ƙasan?" Na daka masa tsawa har mai shara ta leƙo. "In ubanka ne, sai ka zo ka koya min rubutu!"

Ya ɗauki kofinsa ya fita. Na zauna ina kallon shafukan nan, ina tuna bas ɗin da muke shiga da safe, cike da mata masu goyo da 'yan makaranta, da yadda direban yake taka birki kamar yana fushi da shi. Na tsani Tabarau a ranar, saboda ba abin da ya faɗa da ban riga na sani ba.

Da aka tashi cin abincin rana na sauka na ce, "Baba, zo ka ga wani abu a sama."

Shekara shida, bai taɓa hawa matakalar nan ba. A ƙofar ɗakin gwaji ya tsaya ya cire takalmin robar, na ce ba sai ya cire ba, ya ce ƙasan ya yi fari da yawa. Ya shigo da safa, ɗaya ta huje a babban yatsa. Na ba shi kujerata.

Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku. Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba. Ya tambaye ni ko kumfar da yake gani a tanki ita ce, na ce 'yar'uwarta ce da ta samu hanyar fita. Ya tambaya ko tutiyar tana hana ta fitowa, na ce tana rufe mata ƙofa, sai da zafi take iya ratsawa. Na nuna masa layuka biyu a allo, mai ɗan kurji da mai dogon tudu. Ya sa yatsa a kan dogon, bai taɓa gilashin ba.

"Wannan nawa ne."

"Baba..."

"Na wanka na biyu ne. Faɗa min, Uwata."

"Shi ne."

Ya jinjina kai. Ya ɗauki tsagaggen maƙali daga tebur ya juya shi a haske kamar yadda ya saba, ya shafa santsin da babban yatsa.

"Ashe tanderun ba bushewa ba ce."

"A'a."

"Shekara talatin ina cewa bushewa ce. Wanda ya koya min ma haka ya ce." Ya ɗago ya dube ni. "Ke kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun a makaranta."

"Da kika rubuto takardar nan ta bango, kin sani."

Na so ya yi faɗa. Na so ya ce kujera ɗaya muke zama a bas kullum, minti arba'in zuwa, arba'in dawowa, muna hirar tsadar gidan haya da ciwon ƙafar Umma, amma ban taɓa buɗe baki na gaya masa abu ɗaya da ya shafi aikinsa ba. Bai faɗa ba. Ni kuma me zan ce? In ce kunya ce ta hana ni koya wa ubana sana'arsa? Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa mai tsoma ƙarfe a tanki yana buƙatar dalili ba. Na ɗauka lamba ta ishe shi.

Ya miƙe. "An ji wa wani ciwo?"

"Ba mu ji labari ba tukuna."

"To, Allah ya tsare. Ina ofishin Manaja yake? Ni ta waje kawai na san shi."

Na ce ya bari in rubuta cewa takardata ce ba ta cika ba. Ya ce in rubuta abin da na ga dama, amma hannun da ya tsoma nasa ne. Ya sa takalminsa a bakin ƙofa ya tafi.

Na rubuta. Na sa laifina a layin farko, da manyan baƙaƙe. Manaja ya karanta ranar Alhamis, ya ce takardar bango ba ta ce a yi wanka na biyu ba, kuma ba ta ce a ɓoye ba, don haka laifin na Baba ne. Ni aka ba ni gargaɗi a rubuce, wanda ko cizon sauro bai kai ba. Na yi masifa a ofishin har muryata ta dushe, ya bar ni na gama, ya ce in rufe masa ƙofa in na fita.

Baba ne ya ciro maƙalan da aka yi wa wanka na biyu. Ya tuna makonnin da ɗan gata ya fi fitowa da tabo, ya faɗi kwalayen. A sito ya tsaya kwana biyu yana zaro nasa daga cikin dubbai da ido kawai, mu kuma muna gwadawa a sama, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Sannan aka sa shi a mota aka zaga da shi garejin bas-bas, yana durƙusawa ƙarƙashin kujeru da tocila, yana cewa wannan, wannan, bar wancan. Ɗari uku da goma sha biyu ya ciro. An samu tara sun riga sun tsage a jikin mota, ɗaya a kujerar da ke bayan direba.

Ba su kore shi ba. Saboda shekarunsa, in ji Manaja, aka mayar da shi sito, wurin naɗe kwalaye. Tankunan aka ba wani magidanci daga sashen fenti, mutumin kirki, wanda tun da aka faɗa masa yake kauce wa idon Baba.

Ranar Litinin ɗin da zai miƙa wurin, Baba ya aiko a kira ni. Na sauka na same su su biyu a gaban tankin asid. Baba ba takalmin roba, ba safar hannu, ya riga ya rataye su a ƙusa. Da kayan gida ya zo, sai na ga ashe ya rame. Ya nuna wa Mai Fenti inda famfon ɗauraya yake ɗiga da yadda ake ɗaga kwando kada ya fantsama. Da ya gan ni ya jawo wani benci ya share shi da hannunsa.

"Zauna nan," ya ce wa Mai Fenti. Sannan ya juyo gare ni. "Injiniya, ki yi masa bayanin nan da kika yi min. Duka, har da ramukan da mai yawon. Kada ki ba shi lamba kawai."

"Baba, sai an jima, yanzu..."

"Yanzu. Kafin ya tsoma kwandon farko."

Mai Fenti ya zauna a takure, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na fara daga kumfa. Ina cikin bayanin ramukan na ɗaga kai. Baba bai tafi sito ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa a baya, ya karkata kai yana saurare, leɓɓansa suna motsi yana bin maganata. Da na kai kan tanderu na rage murya ban sani ba, saboda kuka ya taso min.

"Ɗaga murya, Uwata," in ji shi daga ƙofar. "Fanka ta yi ƙara, ba ya jin ki."